Kuɗin ciyar da yara bayan saki: abin da jinkiri ya ci mana a kotu

Har gobe idan na ji wani babba yana ce wa bazawara "ki yi haƙuri, kada ki kai uban 'ya'yanki gaban alƙali", sai raina ya sosu. Da wannan maganar aka riƙe ƙanwata kusan shekara biyu tana ɗawainiyar yara uku ita kaɗai, uban kuwa yana nan da shagonsa a kasuwa. Da tura ta kai bango na raka ta kotun shari'a a nan Kano, muna lissafin za a biya ta duk abin da ta kashe. Ko kwabo ba a ba ta na ciyar da yaran da ta yi a baya ba.

Dalili shi ne, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, ciyar da mata daban, ciyar da 'ya'ya daban. Na mata, idan miji yana da hali ya ƙi yi, bashi ne a wuyansa ko an daɗe. Na 'ya'ya kuwa don biyan buƙatar lokacin aka wajabta shi, saboda haka idan wata ya wuce yaro ya ci ya ƙoshi, ya faɗi. Haka yake a Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Khalil, kuma ƙofa biyu kawai aka bari: ko dai alƙali ya riga ya yanke kuɗin tun farko, ko kuma wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba, uban yana da hali a lokacin, shi kuma mai ciyarwar ya rantse cewa ya kashe ne don a mayar masa.

Ƙofar farko jinkiri ya rufe mana ita. Ta biyun kuma da bakinta ta rufe. Alƙali ya sauke tabarau ya tambaye ta, "Da kike ciyar da su, kin yi ne don a biya ki?" Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai 'ya'yana ne, don Allah na yi." Ya rubuta. Gaskiya ta faɗa, kuma kowace uwa haka za ta amsa, amma shi ke nan magana ta mutu. Buhunan shinkafar da mu 'yan'uwa muka riƙa kai mata ma zumunci aka ɗauke su. Da tun watan farko an kira mutum biyu an ce su shaida cewa abin da take kashewa bashi ne a kan uban yara, ana kuma ajiye rasit na makaranta da na asibiti, da labari ya sha bamban.

Sauran sha'anin ba wuya. Ka je wurin rajistara ka faɗi da'awarka, ka biya kuɗin shigar da ƙara ka karɓi rasit, a rubuta sammaci. Ka bi ma'aikacin kotu da ƙafarka ka nuna masa gidan ko shagon, don yawan ɗage zama daga "ba a same shi ba" yake farawa. Da'awa kuma kada a bar ta a dunƙule. "Ba ya ciyarwa" ba ta isa ba. A faɗi yara nawa, shekarunsu, nawa ake nema a wata, a ware abinci, sutura, magani, makarantar boko da ta Islamiyya. Alƙali yana duba ƙarfin uban da yadda rayuwar gari take, shi kuma uban, in dai an zo nan, nan take zai zama talaka. A tafi da wanda ya san sana'arsa. A maganar dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa.

Takardar saki ma a kula da ita. A tabbatar akwai kwanan wata da adadin sakin, domin daga nan ake ƙirga idda: tsarki uku ga mai al'ada, haihuwa ga mai ciki. A saki ɗaya ko biyu na kome, cinta da suturarta da wurin zamanta duk suna kan miji har idda ta cika. A saki uku ko khul'i, wato matar ta fanshi kanta, wurin zama kawai take da shi, sai in tana da ciki. Kuɗin iddar ƙanwata shi ne kaɗai abin baya da muka samu, saboda haƙƙinta ne ita, bai faɗi ba. Akwai kuma ladan shayarwa, wanda matar da aure ya ƙare tana goyo za ta iya nema, amma mata kaɗan ne suka san da shi, kuma kotu ba ta ba ka abin da ba ka roƙa ba.

Da uban yaran ya ga za a yanke masa kuɗi, sai ya fito da abin da yawancinsu ke fitowa da shi: "To a ba ni 'ya'yana." Wannan barazanar ce ma ta sa iyayenmu suke ta cewa a lallaɓa shi tun farko. Ba ta da tushe. Reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, muddin uwar ta cika sharuɗɗa na hankali da amana da kula. Idan ta auri wanda ba muharramin yaran ba, reno ya koma hannun kakarsu ta wajen uwa, ba kai tsaye wurin uba ba. Ko a hannun wa suke kuma, ciyarwa tana kansa. Abin takaici, tsoron da ya sa aka ɓata watannin nan tsoro ne na abin da shari'a ba ta ba shi ba.

Ban ce kada a yi sulhu ba. A je Hisba, a je wurin mai unguwa, a zauna da waliyyai. Sai dai duk abin da aka daidaita a rubuta, a kai kotu alƙali ya mayar da shi hukunci, domin takardar sulhu ita kaɗai ba ta da ƙarfin hukuncin kotu, hukunci kuwa duk watan da ya tsallake ya zama bashin da za a bi shi. A saurari i'izari kafin yanke hukunci, wato lokacin da alƙali zai tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana, don rashinsa yana rusa shari'a idan an ɗaukaka ƙara. A roƙa a saka ranar biya a cikin hukuncin, da hanyar biyan, ta rajistara ko ta banki, kada a yarda da "zan aiko yaro da shi". A karɓi kwafin hukuncin a adana. In kaya suka yi tsada kuɗin ya daina isa, a koma kotun a nemi ƙari a watan, kada a jira ya taru, domin ƙarin ma daga ranar da aka yanke shi yake fara aiki.