Dutsen da ya yi kumfa

Wata na uku da fara koyon haɗa tankin kifin ado a wani shago a Gombe, na dawo daga ƙauyenmu na wajen Ashaka da buhun fararen duwatsu, ina ta murna na samo kayan ado kyauta. Maigidana bai ce uffan ba. Ya ɗauki ɗaya, ya yanka lemun tsami ya matsa a kai, sai ga kumfa tana tasowa.

"Ka gani? Irin wanda ake yin siminti da shi ne. A ruwa narkewa yake a hankali, ya mai da ruwan mai nauyi."

Gofi, wani ɗan ƙaramin kifin ado, bai damu da irin wannan ruwa mai narkakken sinadarin dutse ba, har so yake. Amma kifin tetra, wanda asalinsa kogunan Amazon ne, launinsa na iya dusashewa. Tun ranar na koma ga duwatsun Bauchi masu ɗigo-ɗigo, waɗanda ba sa canja ruwa. Goga su kawai nake da buroshi, ba sabulu, kuma ban taɓa dafa su ba, don dutse kan fashe a wuta. Su nake fara ajiyewa kafin yashi, kada kifi ya tone ƙarƙashinsu su faɗa kan gilashi.

Shuka ce ta fi wahalar da ni. Akwai anubiyas, mai kaurin ganye, wadda a Afirka ta Yamma take fitowa, har da kudancin Najeriya, amma mu sai mun saya da tsada, abin haushi. Ni ɗan manomi ne, na binne ta kamar rogo. Sati biyu gindinta ya ruɓe. Ashe ɗaure ta ake yi a jikin dutse da zare, saiwarta ta kama da kanta. Wani mai saye kuma ya nace sai an sa masa karfasa cikin tankin da muka yi kwana biyu muna dasawa. Kafin Juma'a ta tumɓuke komai.

Haske awa 6 zuwa 8 a kullum ya ishi tanki. Tankin da aka ajiye bakin taga, gansakuka ce za ta cinye shi. Na koyi jefa 'yar kainuwa a sama ta yi inuwa, ina rage ta duk mako don saurin yaɗonta.

Abin da ya fi tsaya min a rai a watan Afrilu ya faru, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40. Na ɗauka tanki mai shuka ba ya buƙatar famfon iska. Da rana haka ne. Da dare shuka ita ma shaƙar iskar take yi, ga ruwan ɗumi ba ya riƙe ta sosai, ga an ɗauke wuta. Da asuba na tarar da kifaye sun taru a sama suna haki, huɗu sun mutu. Maigida ya dube ni, ya miƙo min kuɗi.

"Je ka sayo famfo mai batir. Na kifin kuma daga aljihunka."