Gara ta saki zogalena

'Yan'uwa masu garka a cikin gida, yau da labari mai daɗi na zo. Zogalen da na sake dasawa ya wuce gwiwa, ganye shar, kuma gara ba ta taɓa ko gindi ɗaya ba.

Kun san ƙasarmu ta Maradi. In ba a fadamar Gulbi ko Jiratawa kake ba, jigawa ce zalla: ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta shanye ta bushe. Damina daga Yuni zuwa Satumba ce, ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Shi ya sa bayan girbi na lulluɓe fangalina da karan gero, kaurin yatsu huɗu, taki a ƙasa, kara a bisa. Karan nan ya ci mini jikka uku har da kuɗin amalanke, don masu kiwo da masu danni duk shi suke nema. Na ji zafin kuɗin, amma ban ruwa ya ragu sosai. Da safe da marece nake yi a da, yanzu sau ɗaya ya isa, wani lokacin ma in tsallake rana.

Sai gara ta iso. Wallahi ta ɓata mini rai. Ka ɗaga kara ka ga ta yi masa rufin ƙasa, ka murza shi ya zama gari, ciki fanko. Da a kara ta tsaya da sauƙi. Sai ta bi shi har gindin zogale, ta ɓare bawon daidai inda ya haɗu da ƙasa, da safe ka tarar da shuka ta kwanta. Na zuba toka, ruwa ya wanke ta. Na jiƙa ganyen dogon yaro na yayyafa, ta ja baya kaɗan ta dawo. Wani maƙwabci ya ce in sayo maganin feshi a kasuwa, na ce a'a, ganyen da yara za su ci a kwaɗo ba zan sa masa guba ba.

Wani dattijo mai kiwon zabi ne ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, gara ba a korarta, ciyar da ita ake yi a wani wuri." Ya nuna mini yadda yake kama wa 'yan tsakinsa gara: tsohuwar tukunyar ƙasa, a cika ta da guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta inda garar ke fitowa. Na kife nawa a jikin katanga, nesa da fangali. Da sassafe kafin rana ta yi zafi in buɗe, tukunya cike, in zazzage wa kaji. Sannan na ja karan baya daga kowane gindi kamar faɗin tafin hannu, wurin ya zama fili, na zagaye shi da busasshiyar toka, in ta jiƙe in sake. Kuma na lura shukar da ƙishi ya galabaitar ita gara ke fara kaiwa, don haka ƙananan ba na bari su yi yaushi.

Gara tana nan a fangali har yanzu, kuma na daina damuwa da ita. Jiya na tura yatsa ƙarƙashin karan, ƙasar da sanyi, ta yi duhu, cike da ƙananan ramukanta. Wurin da a da ya yi ɓawo, ruwa ke kwanciya a kai yana gangarewa, yanzu bokiti guda nan take yake shigewa. Ina alfahari da fangalin nan ƙwarai.

Kada dai ku binne ɗanyen kara cikin ƙasa, ganye zai yi ɗorawa, don yana ruɓewa yana janye ƙarfin takin. A bisa ake barinsa.

Abin da ya rage mini iskar hunturu ce, tana kwashe ƙananan guntaye ta tara su bakin ƙofa. Na danne da reshen bagaruwa, ƙayar ma ta hana kaji tono. Fangalin yakuwa kuma bawon gyaɗa nake so in gwada masa, tunda matan da ke yin ƙuli a unguwarmu suna da shi buhu-buhu. Wanda ya taɓa shimfiɗa shi a cikinku ya faɗa mini ko yana tsayawa gaban iska in an jiƙa shi.