Yadda na zaɓi hita marar tanki don gidanmu a Bauchi

Mahaifiyata ce dalilin da ya sa na shiga neman hita. Tun da ta dawo gidana da ke Fadaman Mada da zama, hunturu ya zame mata abin fargaba, domin ciwon gwiwa yakan tasar mata duk ranar da ta yi alwala da ruwan da ya kwana a tanki. A Disamba da Janairu uwargida takan tashi tun kafin kiran sallar farko ta ɗora tukunya, wani lokaci kuma yara su jefa hitar nan mai zobe cikin bokiti. Ranar da na ga autana ya miƙa hannu zai taɓa ruwan bokitin alhali hitar tana jone da wuta, a ranar na ƙudurta cewa sai na sauya wannan tsari.

Hita mai tanki ta fi ƙarfin aljihuna, ga shi tana dumama lita talatin ko hamsin ko da buta ɗaya ake bukata. Marar tanki kuwa ruwan ne ke ratsawa ta cikinta, ta dumama shi nan take. Na je wani shago a wajen Wunti, na ɗauki mafi araha, mai ƙarfin kilowat 3.5, ban tambayi kowa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma na ga hakan tun a daren farko, domin an buɗe shawa hitar ta ƙi kamawa. Ashe a cikinta akwai makunnin da ba ya tashi sai ruwa ya zo da ƙarfi, tankinmu kuwa bai fi mita biyu sama da kan shawar ba. Sai tanki ya kai tsayin mita goma kafin ya ba da matsin da ake kira bar ɗaya, ke nan namu kashi ɗaya cikin biyar kawai yake bayarwa.

Da muka ɗaga ƙafar tankin ta kama, sai dai ruwan ya fito da ɗan ɗumi kawai. Mai gyaran wutar da na kira ya karɓi biro ya yi mini lissafi a bayan kwalin. Ya ce, "Malam, kilowat 3.5 idan lita huɗu ke wucewa a minti, digiri 12 ko 13 kaɗai za ta ƙara wa ruwa. Idan ruwan tanki ya sauka zuwa digiri 18 da asuba, ai ko 31 da ƙyar za ka samu, mai wanka kuwa kusan 40 yake so." Ya kuma sa mitarsa a soket ya nuna mini cewa a wannan maraicen wutar gidan bolt 180 take maimakon 230, kuma idan ta sauka haka kusan kashi sittin cikin ɗari na ƙarfinta kawai hitar ke bayarwa. Wannan bayani ya fi mini duk abin da aka rubuta a jikin kwalin amfani.

Na yi tunanin komawa kan mai kilowat 5.5, wadda wasu nau'o'inta ke zuwa da ƙaramin famfo a ciki. Cin wutarta bai tsorata ni ba, domin wankan minti goma bai kai yunit ɗaya ba, ko da a farashin naira 225 da aka sanya wa rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024. Abin da ya tsayar da ni shi ne tana jan amfiya 24, soket ɗin gida kuwa 13 yake ɗauka. Dole a ja mata wayarta daban mai kaurin murabba'in milimita huɗu tun daga allon wuta, a sa mata makashinta, a haɗa wayar da ke sauke wuta ƙasa, a ƙara da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara. Ruwa da lantarki ba abin wasa ba ne, kuma ba zan rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a banɗakin da mahaifiyata ke shiga. Da na haɗa kuɗinsu sai na ga sun zarce kuɗin hitar, ga shi ƙaramin janaretonmu ba zai iya ɗaukar ta ba idan babu wuta da asuba.

A ƙarshe mai amfani da gas na saya, ta lita shida, wato tana ƙara digiri 25 ga lita shida a kowane minti. Manyan batura biyu ne ke kunna ta, saboda haka ko an ɗauke wuta tana aiki. Tana cin kusan kilo ɗaya a awa guda na ci, tukunyar kilo 12.5 ke nan takan kai awa goma sha uku. Sharaɗin da na tsaya a kansa shi ne ba za a kafa ta cikin banɗaki ba, domin gas idan bai ƙone sosai ba yakan fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa a rufaffen ɗaki. A bangon waje muka kafa ta, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, tukunyar ma tana waje. Duk lokacin da aka sauya tukunya nakan shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo in duba ko zai yi kumfa, in kuma leƙa harshen wutar in tabbatar shuɗi ne, ba rawaya ba.

Mu ba ruwan dam ɗin Gubi muke amfani da shi ba, rijiyar burtsatse gare mu, kuma ruwanta yana barin farin dasashi a bututu. Don haka na sa matata kafin hitar, ina kuma jiƙa kan shawar cikin ruwan lemon tsami idan ramukansa suka fara toshewa.

Ƙaramar hitar farko ba ta tashi a banza ba. An ja mata wayarta da makashinta, aka mayar da ita famfon alwala da ke ƙofar ɗakin Inna, inda lita biyu a minti ta wadatar, kuma a wannan gudun takan ƙara wa ruwa kusan digiri 25 idan wutar ta cika.