Kai jikoki Gidan Makama: abu uku sun ishe su

Yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai ba tarihi yake nema a gidan tarihi ba. Abin da ya fi shi girma yake nema, ko abu mai kaifi, ko wanda ya yi kama da abin da ya saba gani a ɗakin kakarsa. Kakan da ya san haka tun daga gida zai dawo da jikokinsa baki bai rufu ba. Wanda kuwa ya ɗaura niyyar sai sun ga komai, kafin a kai ɗaki na huɗu an goya ɗaya, ana jan ɗaya, na ukun yana tambayar yaushe za a tafi.

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, daf da Gidan Sarki, kuma hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi. Gini ne na ƙarni na 15 da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun mayar da shi wurin aikinsu na wani lokaci. Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne a ciki. Wannan bayanin na babba ne, ya riƙe a kansa. Yaro jimla ɗaya ta ishe shi a bakin ƙofa: "Gidan nan ya girmi kakan kakan kakana."

A fita da hantsi, a isa wajen ƙarfe goma, a baro kafin azahar. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kai digiri 40, kuma ko da yake cikin soron ƙasa akwai sanyi, tsakar gidan da ake ratsawa rana ce tsagwaronta. A hunturu kuma ƙura ce matsalar, musamman ga yaro mai asma. Juma'a ba ranar wannan fita ba ce, don babban masallaci yana kusa, hanya takan cushe tun kafin a shiga huɗuba. Haka kwanakin hawan Sallah: unguwar ta dawakai ce da 'yan kallo. In da hali a aiki wani ya leƙa a jajibiri, ya tabbatar za a buɗe, ya jiyo kuɗin shiga.

Babba ɗaya ga yara biyu, matuƙar ba su kai shekara shida ba. Hajiya mai ciwon gwiwa kada ta ce ita kaɗai za ta iya da huɗu. Ta tafi da wata budurwa a cikin manyan jikoki. Ruwa rabin lita ga kowane yaro, a gora mai murfi, don ledar ruwa da zarar an fasa ta sai an shanye ko ta jiƙa riga. Ɗan abin taɓawa marar maiƙo, kamar dabino ko biskit, a ci a waje kafin a shiga. A riƙe canji a hannu, kada a dogara da tura kuɗi ta waya. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowanne a aljihu. Kowa ya zaga kafin a bar gida, amma duk da haka a saka wando na canji a jaka. In a adaidaita sahu za a je, yara a tsakiya, manya a gefe. Takalmi kuma mai maɗauri: tsohon gini ne, akwai dokin ƙofa, kuma wanda ya shigo daga rana idonsa yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba da duhun ɗaki. Yawancin tuntuɓe a nan ake yin sa.

To, abu ukun. Na farko tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari. A tsayar da yaro a gindin ƙyauren ya ɗaga hannu ya ga inda ya tsaya. Sannan a tambaye shi: "Mutum nawa za su iya tura wannan?" Daga nan labari yake zuwa da kansa: an kewaye garin da ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, da dare a rufe ƙofa, wanda ya makara ya kwana a waje. Yaron da ake wucewa da shi Ƙofar Nassarawa ko Kabuga kullum zai gane ashe sunan ba na banza ba ne.

Na biyu kayan yaƙi da na doki. Maza sukan manne a nan, kuma a nan ne hannu yake saurin miƙewa. In kun iske sulke ko lifidi, a haɗa musu da abin da suka gani a hawan Daushe, a ce wancan na ado ne, wannan kuwa da shi aka tari kibiya. Kada a zurfafa cikin kisa da jini. Ɗan shekara huɗu da shi zai kwana.

Na uku ɗakin amarya na da, kuma nan ne kaka ta fi kowane jagora. Ita ta san sunan kowace tasa da faifai da ƙwarya, ta san yadda ake jere, ta san abin da uwa take tarawa shekara da shekaru kafin biki. Wasan jika da kaka ma aiki yake yi a nan. "Kishiya, zo ki ga irin ɗakin da na shiga, ke da me za ki zo?" Ko ta ce wa namijin, "Angona, wannan gadon za ka saya min?" Dariyar da za a yi ita ce za ta liƙa musu sunayen kayan, fiye da a jera musu su kamar karatun allo.

Sauran ɗakunan, na hotunan sarakuna da na zamanin Turawa, a ratsa su a tafe. Sai dai a ɗan dakata a ce su ɗaga kai su dubi rufin azara, wanda da yawansu ba su taɓa gani ba.

Abin da manya suke mantawa shi ne tsayi. Ɗan shekara huɗu bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, alhali an shirya kayan nuni daidai idon babba. Sau da yawa in yaro ya ce "ba komai a ciki", gaskiyarsa ce: katako yake gani, ko ƙyallin gilashi. A durƙusa a duba daga inda yake, ko a ɗaga shi.

Zancen taɓa kaya a gama shi tun a gida, da dalilinsa: gumi da maiƙon hannu suna sa ƙarfe tsatsa, suna ɓata fata da tsohon saƙi. Tsawa a cikin ɗaki ba ta haifar da komai sai kuka, kuma soro yana amsa kuwwa. Dabarar da ta fi ita ce a ba hannun aiki, ya riƙe gorarsa ko ya riƙe ƙanwarsa. Hoto kuma sai an tambayi ma'aikata.

Idan an haɗa ku da jagora, ku gaya masa tun farko, cikin girmamawa: "Malam, yara ne, minti arba'in muke da shi, ga wurare ukun da muke so." In ba a faɗa ba zai ɗauko daga Barbushe da Tsumburbura da Bagauda, yadda ya saba yi wa ɗalibai. In kuma kun tarar da motar makaranta a waje, ku bari su yi gaba da ɗaki biyu.

Alamar an gama ba ta ɓuya: yaro ya fara jingina da bango, ko ya koma wasa da takalminsa, ko ya tambayi ruwa sau biyu a jere. A fita nan take, ko da saura ɗaki biyar. Kada a ce tunda an fito bari a haɗa da marinar Ƙofar Mata, ko Dala, ko Gidan Ɗan Hausa. Kowannensu fita ce mai zaman kanta, marinar ma ramuka ne a buɗe, tana son babba ɗaya ga yaro ɗaya.

Bayan an ci abinci an yi barci, a ba kowanne takarda da fensir ya zana abu ɗaya da ya gani, a rubuta masa sunan abin da kwanan wata a ƙasa.