Talata: saƙon Yaya da kalmar fire

Yau ko kokon safe ba mu sha cikin daɗin rai ba a gidan nan. Wajen ƙarfe bakwai Yaya ya turo saƙo daga Legas a wayar autanmu, layi ɗaya da Turanci, "they fired me last night", shi kuma yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare abin da ya sani daga fim kawai shi ne fire harbi ne, sai ya kwasa a guje yana ihun an harbi Yaya. Gadi kuwa Yaya yake yi a wani kamfani, to wa zai ce ƙarya ne? Inna tana tsugune gaban murhu, wallahi a kan idona ludayin ya suɓuce mata cikin tukunya, salati kawai take yi.

Na fizge wayar na karanta. Na ce Inna ki kwantar da hankalinki, ba harbi ba ne, sallamarsa aka yi daga aiki. Da harbi ne ai "fired at me" zai rubuta, wannan 'yar at ɗin ce ta raba hanya. Ba ta yarda ba sam sai da na kira shi ta ji muryarsa da kunnenta, sannan ta ce masa tunda rai na nan ai shi ke nan, arziki na Allah ne.

Na fita da abin a raina. Babur ya ƙi tashi, na tura shi wurin bakanikenmu, ya kwance fulogi ya hure shi ya kankare bakin da ya yi baƙi ƙirin, ya ce malam wannan ba ya faya. Ga ta nan kuma, fire, a bakin mutumin da bai taɓa zama aji ba, kuma daidai ya yi amfani da ita, haka Turawa ke cewa in tartsatsi ya kama mai a cikin inji.

Lokacin tara a makaranta na zauna da ƙamus. Asalinta dai cinna wa abu wuta. Bindigogin farko sai an kai wuta ga albarushi kafin su tashi, shi ya sa harbi ya ɗauki sunan, ga shi mu ma muna cewa an buɗe wuta, an tsagaita wuta. Gasa tukwane da bulo ma fire ne, na tuna Ladi Kwali ta jikin naira 20, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954. Jero wa mutum tambayoyi ba ƙaƙƙautawa fire ne, jijiyar ƙwaƙwalwa in ta aika saƙo ita ma haka. "Fired up" kuma zaburowa ce, ita magoya bayan Obama suka yi ta rerawa a kamfen ɗin 2008.

Amma ta korar aiki ita ta fi tsaya min a wuya. Daga Amurka ta fito a ƙarni na 19, 'yan Ingila sack suka fi cewa, kuma Donald Trump ya ƙara mata suna tun 2004 a shirinsa na talabijin, yana nuna mutum da yatsa yana cewa "you're fired" mutane na jin daɗi. Ni gaskiya ba ta min daɗi, kamar ɗan Adam harsashi ne da za a cilla waje. Mu sallama muke cewa, ko ba komai akwai mutunci a ciki.

Da yamma na zaunar da auta, don tun safe yake ɓoye-ɓoye kunya ta ishe shi. Na ce ba laifinka ba ne, duba "ci" namu, a ci tuwo, a ci jarrabawa, a ci bashi, a ci amana, a ci sarauta, baƙo ma zai rikice, sai ka dubi abin da ke kusa da kalma kafin ka yanke.

Bayan isha'i mun yi waya da Yaya. Su shida aka sallama, kuɗin wata ɗaya ma ba a ba su ba tukuna. Na roƙe shi daga yau in saƙon gida ne ya yi da Hausa, ko ya turo murya. Ya ce to, Juma'a zai hau motar dare in sha Allahu.