Wushiryar Amira, kwana na 11

Asabar. An kawo wuta wajen huɗun asuba, na samu na goge kayan Islamiyya kafin a ɗauke. Sadiq bai tashi da tarin ba, alhamdulillahi.

Hajiya ta zo da hantsi, ba zato. Rabonta da gidan nan tun kafin likitan haƙori ya sa wa Amira ƙarfen faɗaɗa muƙamuƙi a baki. Amira na durƙusawa gaisuwa ta kama haɓarta ta ce, "Ke kishiya, yaushe kika yi wushirya ban sani ba? Yanzu kam kin ƙwace mini miji." Amira sai dariya, baki buɗe, ita da ta yi kwana goma tana ƙin magana gaban mutane don harshenta na karo da ƙarfen, yawu kuma na cika mata baki. Wallahi har cikin raina na ji daɗi.

Sai Sadiq ya ce, "Umma ce take murɗa mata makulli a baki kullum da dare."

Hajiya ta ajiye kofin shayi. Dole na ɗauko ɗan makullin, na sa Amira ta ɗaga kai, na haska mata da tocilar waya. Na faɗa mata yadda likita ya faɗa mana: muƙamuƙin Amira na sama ya yi ƙunci, turamen sama suna faɗawa cikin na ƙasa maimakon su rufe su ta waje, shi ya sa take tauna da gefe ɗaya, haɓarta na gocewa idan ta haɗe baki. Ganɗar yaro ƙashi biyu ce da mahaɗa a tsakiya, ba ta gama liƙewa sai wajen balaga. Ƙarfen yana riƙe da turame hagu da dama, da ƙusa mai murɗi a tsakiya. Murɗi ɗaya kwatan milimita ne kawai. Sau 24 aka ce mu yi, milimita 6 ke nan, sannan a bar shi a bakin wasu watanni har sabon ƙashi ya cike gurbin. Wushiryar ma ita ce shaidar cewa mahaɗar ta buɗe.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, a hankali, "Wato ƙashi kike raba mata, da hannunki. Maman Amira, yarinyar nan ta ce miki haƙori na mata ciwo? Tara na haifa, ban sa wa ko ɗaya ƙarfe ba. Ku dai ku ji tsoron Allah da halittar yara."

Na ce, "Hajiya, magani ne, ba ado ba. In aka bari ta girma ƙashin ya haɗe, sai dai a haɗa da tiyata." Ta ce Allah ya sa a dace, ta koma zancen bikin gidan Baba Malam. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

"Da hannunki" ɗin nan ita ta hana ni sakat yini guda. Don gaskiya ce. Ba likita ne yake yi ba, ni ce. Ni nake kwantar da ita kan cinyata, in zura makullin a ramin, in tura shi baya har sabon rami ya bayyana, ita kuma ta runtse ido ta ce tana jin abu na danna mata karan hanci. Minti kaɗan ya wuce, amma ni nake jin ƙarar numfashinta. Daren farko hannuna rawa yake har sai da na ɗaura wa makullin zare a yatsana don kada ya suɓuce mata a maƙogwaro. Na karanta cewa tun 1860 wani likitan haƙori a Amurka, Emerson Angell, ya yi wa yarinya 'yar shekara 14 irin wannan, abokan aikinsa suka ƙi yarda ƙashi ya buɗe. Na san abin ba sabo ba ne, na kuma san ba zan fasa ba. Sanin bai rage mini nauyin maganar Hajiya ba ko kaɗan.

Da rana faten dankali, don shi ne ba ya maƙale mata. Raken da Hajiya ta kawo Sadiq ya shanye shi kaɗai a bayan gida, na hana shi shigowa da shi.

Bayan isha'i na same ta gaban madubi tana ta murmushi ita kaɗai. Ta ce, "Umma, in an cire ƙarfen za a bar mini wushiryata ko?" Na ce a'a, da kanta za ta rufe in an daina murɗawa, haƙoran gaba za su matso su haɗu. Ta yi shiru. Ta ce to a ɗauke ta hoto a tura wa Hajiya kafin wushiryar ta rufe. Na ɗauka uku, ta zaɓi wanda ya fi nunawa.

Abbansu ya riƙe tocila, na yi murɗi na 11. Saura 13.