Jig ɗin mai walda ya daina cinye mini gauj

Assalamu alaikum 'yan uwa masu juya katako. Alhamdu lillahi, yau gauj ɗina na kwano, wato ƙarfen nan mai kwarmi da ake rarake akushi da shi a injin juya katako, ya sauko daga dutsen washi gefunansa biyu daidai wa daida. Na ɗora shi a kan guntun busasshiyar ƙirya, sassaƙe ya riƙa fita a nannaɗe maimakon garin nan da ke cika hanci. Duk wanda ya taɓa juya ƙirya ya san ba ta raga wa ƙarfe. Masu tambayata wane jig na saya a ƙarshe, wato abin da ke riƙe gauj a kan dutse lokacin washi, to ban sayi ko ɗaya ba, kuma yanzu ba na jin zan saya nan kusa.

Tormek ne ya fara shiga raina, injin nan na Suwidin mai dutse milimita 250 da ke juyawa cikin ruwa, zagaye 90 kacal a minti. Ƙarfe ba ya zafi balle ya ƙone. Amma T-8 shi kaɗai ya haura dala 800, kafin a zo maganar SVD-186 mai riƙe gauj, ga shi kuma sake wa ƙarfen HSS (ƙarfe mai tauri da jure zafi, irin na gauj ɗina) siffa a kan dutse mai wannan nawar aiki ne na mai haƙuri. ProEdge na Robert Sorby da ke Sheffield bel yake amfani da shi, saitin digirinsa kuma ba ya da wahala, sai dai bel abin ƙarewa ne, ni kuwa ba zan ɗaura washina da abin da sai an yi odarsa daga Ingila ba. Saura Wolverine na kamfanin Oneway a Kanada, wanda shi ya fi dacewa da mai giranda irina: gindi a ƙarƙashin dutse, sanda mai kusurwa huɗu da ke zamewa a cikinsa, aljihu mai siffar V a ƙarshen sandar, sai Vari-Grind, mariƙin da ke damƙe gauj, ƙafarsa tana zaune a aljihun. Farashinsa ba shi ya kore ni ba, nauyinsa ne. Ƙarfe ne zalla, jirgi kuma da kilo ake biyansa. Da na haɗa da kuɗin kwastan da yadda dala take, lissafin ya kusa ninkawa, sai na rufe wayar.

Wani ya ce in haɗa har da giranda mai zagaye 1725 a minti da ake yawan gani a bidiyoyin Amurkawa. A kiyaye, waɗannan na wuta mai volt 120 da 60Hz ne, tamu kuwa volt 230 ce mai 50Hz. Na zauna da tawa mai inci takwas da ke gudu 2850, hannu kawai ake sassautawa.

Don haka na sayo fayif mai kusurwa huɗu a Ƙofar Ruwa, ƙarami da babba wanda ƙaramin zai shige, na zana wa mai waldar unguwarmu abin da nake so, wato kwatankwacin Wolverine har da mariƙinsa. A ido, gindi da sanda sun yi kyau ƙwarai. Na ɗaga girandar da filawud har tsakiyar dutsen ta kai inci shida da rabi daga kan tebur, kamar yadda Oneway suke shawarta a nasu. Babban gauj na fere katako da sikirafa, wato ƙarfen kankare katako, ba su ba ni matsala ba, na farko a digiri 45, ta biyu wajen 75 a kan faifan jingina ƙarfe, an wuce wurin.

Gauj ɗin kwano ne ya ci tura. Ina son bakin nan mai dogayen gefuna da aka ja baya, irin wanda ake jingina wa David Ellsworth, fitaccen mai juya katako a Amurka, hanci a wajen digiri 60. Kullum na wasa, sai gefen hagu ya fito dogo, na dama gajere, bakin a karkace kamar hular da aka karya gefe guda. Sannan ga wani giɓi da ke fitowa daf da hanci a ɓangaren dama. Wannan giɓin shi ne bala'in, domin yana barin wani ɗan tsini a bayansa, kana cikin sharar bangon akushi lafiya lau sai tsinin ya cafki katako. Wani akushin maɗaci da na kusa gamawa haka ya tsage daga baki har gindi, na ajiye shi a saman kabad ina hararsa.

Dutse na fara zargi. Na gyara fuskarsa da abin gyara mai ƙwayar daimon har ta miƙe sumul, girgiza ta ragu, karkacewar tana nan. Na koma kan aljihun, na saukar da zare da ɗan nauyi daga tsakiyar kaurin dutsen, na tarar aljihun ya kauce zuwa dama kaɗan. Na kwance gindin na sake huda tebur. Wannan ya taimaka, domin gauj ya daina neman zamewa ta gefen dutse idan na kwantar da shi, amma gefunan ba su daidaita ba. Sandar ma tana ɗan rawa a cikin gindinta, aka ƙara mata noti na biyu ta gefe. Duk wannan gwaji a jikin gauj yake ƙarewa. Kwarminsa inci shida ne da ɗan wani abu lokacin da ya iso, yanzu kusan inci guda ya tafi a ƙurar dutse, ƙarfen da aka biya da dala. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Maka, wato alƙalamin tawada mai kauri, ita ce ta tona asiri. Na shafa baƙar maka a gangaren bakin duka, na ɗaure gauj a mariƙin, na juya dutsen da hannu wuta a kashe, na ga inda ya goge. Na kwance na sake ɗaurewa ba tare da na taɓa saitin komai ba, sai gogewar ta koma wani wuri. Ashe ba a zama ɗaya gauj ɗin yake zama ba. Mariƙin da aka haɗa mini, kan noti ne kai tsaye yake sauka a kan kwarmin. Kan notin kuwa ba shafaffe ba ne, idan ana ɗaure shi sai ya kama leɓen kwarmin guda ɗaya ya murɗa gauj ɗin zuwa inda yake juyawa. Murɗawar ba ta da yawa, ido ba ya kama ta, amma ta isa ta sa kwarmin ya daina kallon sama sosai. Daga nan kuwa ko ka fi kowa iya hannu, gefe ɗaya zai fi ɗaya cin dutse.

Maganin bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Wani ɗan shafaffen ƙarfe mai kaurin milimita uku aka yanka, faɗinsa daidai da cikin mariƙin yadda ba zai iya juyawa ba, aka sa shi tsakanin noti da gauj. Yanzu notin ƙarfen yake dannawa, ƙarfen kuma ya kwanta a kan leɓunan kwarmin biyu lokaci guda, ya tilasta wa gauj ya miƙe. Ƙasan mariƙin ma aka gurza shi ya zama V don gauj ya riƙa zama a tsakiya. Na ɗaure na kwance sau da yawa ina duba maka, wuri ɗaya take gogewa. Na yi ta murna ni kaɗai a shago.

Giɓin kuma labarinsa daban ne, jig ba ya gyara shi. Jig digiri kawai yake riƙe maka, siffar bakin kuwa tana hannun wanda ke yanke shawarar inda zai daɗe a kan dutse. Kwarmin gauj ɗina ya fi kama da V, ƙarfen da ke daf da hanci siriri ne, da ka ɗan tsaya a wurin dutse ya cinye shi, alhali can baya a gefuna ƙarfen yana da kauri, yana buƙatar lokaci. Abin da na yi shi ne na kifa gauj ɗin a kan faifan jingina, kwarmi yana kallon ƙasa, na gurza saman bakin har siffar ta fito yadda nake so idan an kalle ta daga gefe: layi mai ɗan tudu kaɗan daga hanci zuwa baya, babu kwari. Hakan yana barin wani farin layi mai sheƙi a kan kaifin, mai faɗi a wani wuri, siriri a wani. Sai na mayar da shi jig na riƙa cin inda layin ya fi faɗi kawai, gefe ɗaya, sannan ɗayan, hanci a ƙarshe da shafa guda mai sauƙi, har layin ya ɓace ko'ina lokaci ɗaya. Bakin ya ɗan yi shuɗi a wani wuri, ban damu ba tunda HSS ne, ban kuma tsoma shi a ruwa da zafinsa ba saboda hakan na iya sa kaifin ya yi ƙananan tsagu. Masu sikirafar da aka ƙera da tsohon magagari, naku ba HSS ba ne, ku kam shuɗi ya bayyana to taurin wurin ya tafi.

Yanzu na kulle ƙafar mariƙin wuri ɗaya, har na sa an ɗiga mata walda don kada wata rana hannuna ya yi ƙaiƙayi. Tsawon da gauj ke leƙowa daga mariƙi milimita 50 ne, na huda rami mai wannan zurfin a guntun katako na manna shi kusa da giranda. Tazarar aljihu kuma ba na yi mata alama a jikin sanda, domin dutse yana raguwa duk lokacin da aka gyara fuskarsa, alamar jiya ba za ta ba da digirin yau ba. Wani ɗan itace na yanka da ke shiga tsakanin aljihun da fuskar dutsen. Washi ya koma abin 'yan daƙiƙoƙi, har na daina jin ƙyashin tsayar da inji a tsakiyar aiki.

Abin da ya rage shi ne dutsen kansa. Mai ruwan tokar nan da ya zo da giranda yana da tauri, yana saurin toshewa, yana kuma ɗumama ƙarfe. Akwai CBN, faifan ƙarfe da aka lulluɓe da ƙwayoyi masu tsananin tauri, shi ba ya raguwa, saiti zai zauna har abada, amma mai inci takwas ya haura dala 100, ga nauyi, kuma ƙannena ba za su fasa kawo adda da fartanya su gurza a kai ba, shi kuwa ba ya son ƙarfe mai laushi. Farin dutse mai lambar kaushi 80 nake nema, inci takwas, ramin tsakiya 5/8 na inci. Wanda ya san mai sayar da shi a Kano ko Kaduna, don Allah ya yi mini kwatance.